Gulbin da Aka Datse: Me Ya Rage wa Sarkawa?

Tun da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu a 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, ake ta yayata labarin kifi mai kilo 78 da aka kama, kamar shi ne shaidar cewa sana'ar su na nan da ranta. Ba haka ba ne. Matan Fada, inda ake bikin, ruwa ne da ake hana shiga sai ranar biki. Abin da aka kamo a can ba ya nuna halin da gulbi ke ciki.

Wanda ke son sanin halin gulbi, ya hauro wajenmu. Gulbin Bunsuru na ƙasar Zurmi da gulbin Gagare na Kauran Namoda su ke ciyar da Rima, ita kuma ta haɗu da gulbin Sakkwato su gangara Kabi. A da, ruwan damina kan malale fadamu ya cika tafkuna, nan tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa ke hayayyafa. In ruwa ya janye, Sarkin Ruwa ya ba da izini, sai a faɗa da homa da gora. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, da ta Goronyo a 1984, sun rage wannan malala ƙwarai. Don noman rani da ruwan sha aka gina su, ba a sa masuntan fadama a lissafi ba. Har yau ana tuna manoman Bakolori da aka kashe a rikicin madatsar a 1980, kuma ya kamata a tuna. Asarar Sarkawa kuwa sannu a hankali ta zo, shi ya sa ba mai maganarta.

Wasu na ɗora laifin kan taru mai ƙananan idanu, da zuba guba, da 'yan bindigar da suka hana zuwa bakin gulbi a Zurmi da Shinkafi. Duk gaskiya ne, amma kifi ya fara ƙaranci tun ba a san 'yan bindiga ba.

Yau 'ya'yan masunta da dama sun koma noma ko acaɓa, kifin ƙanƙara na ƙasashen waje yana ta samun wuri a kasuwanninmu. Hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin kayan gadon duniya a 2016, sai dai wannan bai ƙara wa fadama ko ɗigon ruwa ba.

Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta zauna da sarakunan ruwa, a tsara sakin ruwa daidai lokacin da kifi ke ƙwai.