Kafin a jera kaya, a duba taga

A Waca da sauran garuruwan Magariya da Dungas, ginin bulo mai rufin kwano yana ta maye gurbin ɗakin ƙasa mai azara. Da an gama yaɓe sai hankali ya koma kan kaya: saitin kujeru, babban gado, kabad, da labule daga Kantin Kwari ta Kano. Son ɗaki ya yi kyau ba laifi ba ne. Amma a watan Afrilu zafin jihar Damagaram kan haura digiri 40, kuma kwano ba ya tare rana yadda rufin ƙasa mai kauri yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne taga. Ka shiga ɗakin amarya bayan ƴan jere sun gama aikinsu: kabad ya rufe taga ɗaya, labule mai ruɓi biyu ya toshe ɗayar, katifa ta cinye tsakar ɗaki. Kowa na yabawa, mai ɗakin kuwa a tsakar gida take kwana har ruwa ya sauka. Iska tana son mashiga da mafita, don haka taga biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda amfani. A sa musu raga saboda sauro, a kai kabad bangon da ba shi da taga. Wanda kuɗinsa ba su isa silin da kujeru lokaci ɗaya ba, ya fara da silin. Kujera za ta jira kaka.

Gado kuma a zaɓi wanda gidan sauro zai rufe ruf, a bar wurin cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, domin da damina zazzaɓin cizon sauro yara ƙanana ya fi kayarwa. Kafet mai gashi yana tara ƙurar hunturu, mai asma ne ke shan wahalarta. Leda ko tabarma ta fi sauƙin shara. Farin fenti yana ƙara haske, ƙwan sola guda sai ya wadatar.

A gidan da yara ke rarrafe, soket da batirin sola su hau sama. Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗakin da aka rufe, ko da sanyi ya yi tsanani: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.