Kuntuku Kafin Kalangu: Da Wane Kiɗa Ake Fara Wa Yaro?

Duk wanda ya taɓa ganin hawan Salla a Suleja, ko a wani garin sarauta na Arewa, ya san yadda abin yake. Sarki ya hau, kakaki na kira, algaita na amsawa, masu ganguna na biye cikin ƙura. Idon jama'a duk yana kan manyan makaɗa. Amma in mutum ya ɗan waiwaya bayansu, sau da yawa sai ya ga yara rataye da 'yan ƙananan ganguna a wuya, suna ta buga abu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Ba mai yi musu liƙi, ba mai ambaton sunansu. Alhali kuwa su ne makaɗan gobe, kuma abin nan da suke bugawa shi ne darasinsu na fari.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu. Da yawa daga cikin 'ya'yansu suna makarantun da ake koyar da kiɗa, waɗansu kuma sun dami iyayensu a saya musu fiyano. Uba ya biya kuɗi, bayan wata uku sai ya ce shi fa bai ji komai ba sai ƙwanƙwasa iri ɗaya kullum, ya zaci malamin cin kuɗinsa yake yi. To, kafin ya cire ɗansa, ya kamata ya tuna da yadda ake yi a gida.

Gidan Tsohuwar Zazzau

Suleja gari ne mai asali. Da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin Nijeriya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin, tsohon garin kuwa aka mai da shi Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Saboda tsarin sarautar Zazzau na dā ya zauna a nan, masu binciken tarihi sukan zo Suleja in suna son sanin yadda fadar Zazzau take kafin jihadi.

A irin wannan fada kiɗa ba wasa ba ne, aiki ne mai ƙa'ida. Tambari da kakaki na Sarki ne, ba a yi wa kowa. Kowace sarauta da takenta, kowace sana'a da kayan kiɗanta: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na sarakuna. Makaɗin da ya yi kuskuren take a gaban jama'a ya jawo wa gidansu abin kunya. Don haka ba a miƙa wa yaro babbar ganga tun ranar farko.

Matakin Farko

A ƙungiyar masu kalangu, yaro da kuntuku yake farawa. Kuntuku ƙaramar ganga ce mai fuska ɗaya, muryarta ɗaya ce, ba ta hawa ba ta sauka. Aikin yaron shi ne ya riƙe zangon kiɗan, kada ya yi sauri, kada ya yi nawa, ko da ubangidansa ya yi gaba ya yi baya a kan kalangu. Ga ido abin da sauƙi, amma duk wanda ya gwada riƙe bugu ɗaya na rabin sa'a, ana ihu ana guɗa a kansa, ya san ba haka ba ne.

In hannunsa ya zauna, sai a ba shi ɗan karɓi, watau ƙaramin kalangun da ke raka babban. Daga nan ne zai kai ga kalangu sosai, wanda ake saƙalawa a hammata ana matsa tsarkiyarsa, murya ta hau, a saki ta sauka. Da haka ne kalangu yake kwaikwayon maganar Hausa, har mai saurare ya gane sunan wanda ake kira. A nan ma ba da taken manya ake fara masa ba. A dandali yake gogewa, wajen kiɗan 'yan mata da na samari, inda in ya yi tuntuɓe dariya kawai za a yi.

Makaɗan fada su ma haka. Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mutumin Bakura, wanda ya rasu a 1991, da kanzagi ya fara a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, yana kaɗawa yana amshi tun yana ƙarami. Da uban ya rasu wansa ne ya gaji shugabancin kiɗan, shi kuwa ya zama Daudun Kiɗi, watau mataimaki. Sai bayan wannan doguwar hanya ya zama Ɗanƙwairon da ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙoƙin da har yanzu ake saurare. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mazauna Sabon Badun da Agege ba sai an ba su labari ba, sun ga irin wannan wajen maƙwabtansu Yarabawa. A gidajen makaɗansu na gado, yaro da ƙananan gangunan rakiya da suke kira omele yake somawa. Sai ya daɗe yana bin manya kafin a bar shi ya ɗauki uwar ganga mai magana, wadda suke kira iya ilu.

Fiyano Iri Biyu

Tun daga shekarun 1990 kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa na Kano da wuraren biki. Abin da samari ke kira fiyano na'ura ce mai aiki da lantarki, irin ta kamfanin Yamaha da makamantansa. Ana danna mata wuri ɗaya sai ta riƙa buga zango da kanta, ta kawo muryar ganga da ta sarewa. Ta samar wa matasa da yawa abinci, ba mai musun wannan. Sai dai aikin da ɗan kuntuku yake shekara yana koyo, na'urar ce take yi, don haka saurayi yana iya fara sana'a bai taɓa riƙe zango da hannunsa ba. Ranar da aka ɗauke wuta, ko aka ce ya bi wani makaɗi, sai asiri ya tonu.

Fiyano na asali kuwa, wanda aka ƙirƙira a Italiya wajen shekarar 1700, ba ya buga komai da kansa. Yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36, kowanne da 'yar gudumarsa da ke dukan tsirkiya a ciki. A ƙasashen da ya fito, matakan koyonsa suna da tsauri kamar na kalangu. Yaro yakan shekara da shekaru yana hawa da sauka a kan madannai, yana kaɗa gajerun kaɗe-kaɗe, yana cin jarrabawa aji-aji daga na ɗaya zuwa na takwas, kamar yadda tsarin Ingila yake. A Ikko akwai ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa a Onikan.

Mene Ne Konceto?

In ɗalibi ya yi nisa sai a kai shi ga abin da Turawa ke kira konceto. Shi konceto dogon kiɗa ne, galibi kashi uku: mai sauri, mai sanyi, sa'an nan mai sauri kuma. Mai fiyano yana gaba, taron makaɗa masu gogen Turawa da sarewa da ƙaho suna bayansa. Ya faɗa su amsa, su faɗa ya amsa. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, don kuwa jagora ne da 'yan amshinsa. Da yake ba kowace makaranta ke da taron makaɗa ba, malami kan zauna a fiyano na biyu ya tsaya a madadinsu.

Malaman kiɗa sun daɗe da sanin cewa zaɓen konceton farko shi ne rabin aikin, kuma akwai waɗanda suka fi ba ɗalibai. Na gaba-gaba shi ne na Joseph Haydn, mutumin Ostiriya, wanda aka buga a 1784. Bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, zangonsa a fili yake, kashinsa na ƙarshe kuma kamar kiɗan rawa ne, yaro yana jin daɗinsa. Fiyanon zamanin Haydn ƙarami ne, madannansa wajen 61 ne, ga su da laushi, saboda haka kiɗan da aka tsara masa ba ya neman ƙaton hannu.

Sai na Mozart, musamman na 12, wanda ya tsara a Viyana a 1782. Shi da kansa ya rubuta wa mahaifinsa a ƙarshen wannan shekara cewa ya yi shi ne da 'yan'uwansa biyu tsaka-tsaki, ba su cika wuya ba, ba su cika sauƙi ba. Ya kuma shirya su yadda masu goge huɗu kaɗai za su iya raka mai fiyano. Abin lura a nan shi ne, Mozart ɗin da ake ce wa gwanin gwanaye shi ma bai tsallake mataki ba. Koncetocinsa huɗu na farko, waɗanda ya yi a 1767 yana ɗan shekara 11, kaɗe-kaɗen waɗansu manya ne ya ɗauko ya ɗora musu rakiya, mahaifinsa na duba masa.

A Rasha ma an yi wa matasa nasu. Dmitri Kabalevsky ya tsara koncetonsa na uku a 1952 musamman domin 'yan makaranta. Dmitri Shostakovich kuwa ɗansa Maxim ya yi wa na biyu a 1957, yaron ya kaɗa shi a Mosko ranar da ya cika shekara 19. A kashinsa na ƙarshe uban ya saka irin hawa da saukar nan da ɗalibai ke ƙosawa da su, ya mai da su kiɗa mai daɗi.

Haɗarin Gaggawa

Akwai kuma waɗanda ba a ba ɗan koyo. Konceto na uku na Sergei Rachmaninoff, wanda ya fara kaɗawa a birnin New York a 1909, ya kai minti 40. Mai shi dogon mutum ne mai faffaɗan hannu, yana iya kama madannai farare 12 ko fiye da hannu ɗaya, alhali yaro da ƙyar yake kama takwas. Wanda aka ɗora wa irin wannan kafin lokaci, sai ya riƙa ƙanƙame hannu, jijiya ta soma ciwo, ya saba da yin ha'inci a wuraren da suka fi ƙarfinsa. Mugun sabo kuwa ya fi jahilci wuyar gyara. Da yawa daga nan suke barin kiɗan gaba ɗaya, kuɗin uba ya tafi a banza. Daidai yake da a saƙala wa ɗan shekara bakwai kalangu, hammatarsa ba ta kai ta matse shi ba, a ce ya yi wa Sarki take.

Ashe ke nan sarkin makaɗa a Suleja da malamin fiyano a Onikan abu ɗaya suke dubawa. Suna duba ko abin ya yi daidai da hannun yaron. Suna duba ko zai tilasta masa ya saurari abokan kiɗansa, ya san lokacin shigowarsa da lokacin da zai yi shiru. Suna kuma duba ko zai iya kai shi ƙarshe a gaban jama'a ba tare da ya ji kunya ba, domin yaron da ya gama ƙaramin abu da kyau shi ne yake dawowa gobe da ɗoki.

Marigayi Farfesa Akin Euba, ɗan Ikko, wanda ya rasu a 2020, ya koyi fiyano a Landan, sa'an nan ya dawo ya zauna gaban makaɗan dundun na Yarabawa yana nazarin aikinsu. Daga baya ya yi ta kira da a riƙa kaɗa fiyano yadda zai yi magana kamar gangunan Afirka. A wurinsa ilmin gida da na waje ba kishiyoyi ba ne.

Shawara Ga Iyaye

Uban da ɗansa ke koyon kiɗa a Kudu, kada ya auna malami da girman abin da yaron ke kaɗawa. Ya tambaye shi a wane mataki yaron yake, me zai biyo baya, kuma da wa yake kaɗawa tare. Malamin da ya yi alkawarin mai da yaro gwani cikin wata uku, a yi hattara da shi. In an kashe kiɗan na'ura yaron ya iya riƙe zango shi kaɗai, to kuɗi na aiki.

In kuma lokacin hutu ya zo aka hau mota zuwa gida, aka wuce Dutsen Zuma, yana da kyau a kai yaron inda makaɗa ke aiki, a nuna masa 'yan kuntukun nan da ke bayan manya. Gidajen kiɗa na gado suna fama da ƙarancin magada, don yara da yawa sun kama waɗansu sana'o'i, kuma take ba a rubuce yake ba, in mai shi ya tafi bai koyar ba ya tafi da shi. Yaron da ya ga tsararsa yana haƙuri da bugu ɗaya tun safe har azahar, zai koma Ikko ya zauna gaban fiyanonsa da wata zuciya dabam. Allah ya ba mai koyo haƙuri, ya ba mai koyarwa basira.