Yadda kundin "99.9%" na Kaytranada ya haɗa kiɗan na'ura da soul da funk

A ranar 6 ga watan Mayun 2016 ne kamfanin XL Recordings da ke Landan ya fitar da kundin waƙoƙi na farko na Kaytranada, ɗan ƙasar Kanada mai haɗa kiɗa da kwamfuta. Kundin mai suna "99.9%" ya ƙunshi waƙoƙi 15, kuma har yau ana kafa misali da shi kan yadda na'ura za ta yi kiɗan da ke ratsa jiki tamkar na makaɗi.

Ainihin sunansa Louis Kevin Celestin. An haife shi a 1992 a Port-au-Prince, babban birnin Haiti, sannan iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa yankin Montreal tun yana jariri. A gida ya koyi sana'ar da manhajar FL Studio. Sunansa ya fara fitowa ne a 2012, bayan da ya sake wa waƙar "If" ta Janet Jackson kiɗa ya ɗora ta a dandalin SoundCloud.

Kiɗan soul ya samo asali ne daga waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka, kuma ƙarfinsa yana cikin murya. Shi kuwa funk, wanda James Brown ya yi wa jagora a shekarun 1960, ginshiƙinsa ganga ce da jita mai kaurin amo. Kiɗan rawa na na'ura ma ɗan gidan ne, domin salon house ya tsiro ne a gidajen rawa na baƙaƙen fata a Chicago a farkon shekarun 1980. Sai dai zuwa shekarun 2010, abin da ya mamaye manyan bukukuwan kiɗan na'ura shi ne amo mai ƙarar gaske da bugu mai sauri, har matasa da dama suka manta tushen abin.

A nan ne Kaytranada ya bambanta. Kwamfuta takan jera bugun ganga daidai wa daida, babu gaba babu baya, abin da hannun ɗan Adam ba ya yi. Shi kuwa da gangan yakan ɗan jinkirta wani bugun ko ya gaggauta wani, dabarar da marigayi J Dilla na birnin Detroit ya shahara da ita. Wannan 'yar tangarɗa ce ke sa mai sauraro ya fara kaɗa kai bai ankara ba. A ƙarƙashinta kuma sai ya shimfiɗa amo mai kauri irin na funk.

Dabara ta biyu ita ce gutsuro wani yanki daga tsohon faifai a gina sabuwar waƙa a kansa. Waƙar "Lite Spots", alal misali, an gina ta ne a kan "Pontos de Luz", wadda mawaƙiyar Brazil Gal Costa ta fitar a 1973.

Da yake shi ba mawaƙi ba ne, sai ya gayyato masu murya. Anderson .Paak na Amurka ne ya rera "Glowed Up", Craig David na Birtaniya ya rera "Got It Good", yayin da Syd ta rera "You're the One". Duk da bambancin muryoyin, da jin gangar an san hannu ɗaya ne ya haɗa.

Ana yawan danganta kundin da lokacin bazara. A birni irin Montreal, inda dusar ƙanƙara ke tsare mutane a gida tsawon watanni, bazara lokaci ne na fita shan iska da bukukuwa a fili. Kundin ya fito ne a daidai shigowarta, da kiɗa mai matsakaicin sauri wanda ya dace da filin rawa, ya kuma dace da zaman hira.

A watan Satumban 2016 kundin ya lashe kyautar Polaris, wadda ake bai wa kundin da ya fi inganci a Kanada ba tare da la'akari da yawan ciniki ba, tare da dalar Kanada 50,000. A 2017 ya ƙara da kyautar Juno a rukunin kiɗan na'ura.

Kundinsa na biyu, "Bubba", wanda ya fito a 2019, ya samar masa kyautar Grammy biyu a 2021. Shi ne baƙar fata na farko da ya lashe rukunin kundin kiɗan rawa da na na'ura, kimanin shekara 40 bayan da salon house ya tsiro a Chicago.