Yawon Hutu Cikin Ƙaramin Jirgi Mai Hawan Dutse

'Yan'uwana mata, wannan mako bari mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu leƙa wata al'ada ta mutanen Turai. Idan lokacin hutu ya zo, akwai waɗansu da kan biya wani kamfani kuɗi, a haɗa su ayari guda, a ba su madugu, su nufi ƙasashen duwatsu don kawai su shiga tsofaffin ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da kwal da tururi. Madugun nan shi ne da sayen tikiti, shi ne da neman masauki da kula da kaya a tasha, shi ne kuma mai ba da labarin ko wane wuri da aka isa. Saboda haka mace ko tsohuwa ce, ko ba ta jin harshen ƙasar, ba ta da fargabar ɓata ko jirgi ya bar ta. Sai dai abin da tsada, ba na kowa ba ne.

Me ya sa a ke ce musu ƙanana? Tsohon layin dogonmu na Ikko zuwa Kano, tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 3 ne da inci 6. Na waɗansu jiragen dutse kuwa ƙafa 2 ne kacal. Siririyar hanya ta fi arha wajen gini, ta kuma fi iya lanƙwasa a gefen dutse, inda babban jirgi ba shi da wurin juyawa.

Wanda ya fi suna shi ne na Dajilin, garin ganyen shayi a arewacin Indiya, a jikin duwatsun Himalaya. An gama shi cikin 1881. Tsawonsa wajen mil 55 ne, amma a kan yi sa'a bakwai ko fiye kafin a kai ƙarshe, gama daga fili ya ke tasowa har ya hau tashar Gum, wadda ke bisa da ƙafa 7,407. Inda hawan ya yi tsanani sai jirgi ya yi gaba, ya tsaya, ya ja da baya ya hau wani layi, sa'an nan ya sake miƙewa, kamar yadda jaki mai kaya ke cin tudu a karkace. A waɗansu wurare kuma kewayawa ya ke yi, ya zo ya bi ta bisa hanyar da ya baro. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mutanen da kan zauna a goshin jirgin suna barbaɗa yashi da hannu bisa ƙarfe, don kada ƙafafunsa su zame. Cikin 1999 hukumar UNESCO ta sa hanyar nan cikin kayan tarihin duniya. Yanzu masu aiki da man gas ne suka fi yin doguwar tafiyar, masu tururin sai gajeren zagaye tsakanin Dajilin da Gum domin baƙi. Wadda ta sami ikon zuwa, kada ta tafi da damina, don ƙasa kan zaftaro ta toshe hanya. Ta riƙe rigar sanyi, farin mayafi kuma ta bar shi a gida, hayaƙin kwal ba shi da kunya.

A yankin Wels na ƙasar Birtaniya ma akwai na Festiniyog, wanda aka buɗe cikin 1836 don sauko da wani irin dutse mai faɗi da a ke rufin ɗaki da shi, a ke kuma yi wa 'yan makaranta allo. Ciniki ya mutu, aka rufe hanyar cikin 1946. Sai waɗansu mutane suka ce ba su yarda ba. Suka riƙa zuwa ran hutunsu suna sare ciyawa, suna gyaran tarago, ba ko kwabo, har jirgi ya soma ɗaukar fasinja cikin 1955. Ba su kai shi ƙarshen hanyarsa ba sai 1982. Ku duba yawan shekarun nan.

To, abin da ya sa na kawo muku wannan labari, mu ma mun taɓa samun irinsa. Cikin 1912 aka buɗe ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya zuwa Rahama, ta hau tudun Jos, ta isa Bukuru cikin 1914. Faɗinta ƙafa 2 da inci 6, tsawonta wajen mil 143, aikinta ɗaukar kuza. Turawa suna kiranta da sunan Bauchi, ko da ya ke ba ta taɓa zuwa birnin Bauchi ba, don a lokacin Jos tana cikin Lardin Bauchi ne. Da babbar hanya ta iso Jos ta Kafanchan cikin 1927, motocin kaya kuma suka yawaita, sai ƙaramin jirgi ya rasa abin ɗauka. Aka rufe shi cikin 1957. Ban ga laifin rufewar ba, jirgin da ba ya ci da kansa ba mai riƙe shi. Amma da an bar ko mil goma a wajen hawan dutsen, da yau mu ke karɓar baƙi da kuɗinsu, matan ƙauyukan hanya suna sayar musu da abinci da tabarmi.

Abin da ya rage shi ne ɗan abin da aka ajiye na jirgin a wajen gidan tarihi na Jos, da kuma abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Malamai 'yan'uwana, in an tashi kai 'yammata yawon buɗe ido Jos, a biya da su su gan shi, ya fi zane a allo. Yarinyar da ta shiga jirgin nan tana 'yar shekara goma, yau ta doshi tamanin. Wadda ke da irin wannan kaka a gida, ta zauna da ita, ta tambaye ta nawa a ke biya, a waɗanne tashoshi a ke tsayawa, me a ke sayarwa ta taga, ta rubuta ta aiko mana a wannan fili.