Ƙararrawar Yoyon Mai a Ƙarƙashin Ƙasa: Aikinta da Matsalolinta

1.0 Gabatarwa

Tourou yana gefen birnin Parakou, a kan hanyar Djougou, garin da fataken goro suka sani da sunan Zugu. Mutanen Benin sun daɗe suna sayen fetur na kwalba da ake kira kpayo, wato irin na 'yan bumburutu. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, sai kpayo ya yi tsada, masu ababen hawa da yawa suka koma gidajen mai. Gidan mai kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake binne tankinsa, inda ido ba ya ganin yoyo. Idan fetur ya tsiyaye, yakan gangara cikin rijiyoyin unguwa, ga shi kuma yana ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Tankin zamani bango biyu gare shi, da 'yar rata a tsakani. A ƙasan ratar akan ajiye na'urar sansano, mai ɗan ƙwallo da ke tasowa idan ruwa ko mai ya taru. Da ya taso sai ya motsa makunni, saƙo ya bi waya zuwa akwatin kula da ke ofis, jar fitila ta kama, ƙararrawa ta kaɗa. Akan sa irin wannan na'ura a ramin kan tanki da kuma ƙarƙashin famfo.

Akwai kuma sandar awo ta lantarki a cikin tanki. Dokar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1988 ta buƙaci irin wannan awo ya iya gano yoyon galan 0.2 a awa. Abin kamar ba yawa, amma kusan lita 18 ke nan a rana.

3.0 Binciken Matsala

Danna maɓallin kashe ƙara ba ya kawar da matsala. Ma'aikaci zai fara karanta allon akwati, ya ga wace na'ura ce ta yi kuka, da abin da ta nuna.

Idan ruwa ne, yawanci ruwan damina ne ya shiga ta murfin da robarsa ta lalace. Akan tabbatar da haka ta shafa wa sanda wani man gwaji da ke canza launi idan ya taɓa ruwa. Sai a kwashe ruwan, a gyara murfin. Kuskure ne babba a ɗaga na'urar sama don ta yi shiru, domin ranar da yoyon gaske ya zo ba za ta ji ba.

Idan allo ya nuna an rasa na'ura, to waya ce ta tsinke, ko danshi ya ci mahaɗarta.

Idan awo ya nuna mai ya ragu jim kaɗan bayan tanka ta sauke kaya, a duba zafi. Fetur yakan ragu da kimanin lita 1 cikin 1,000 idan ya huce da digiri 1, wato kusan lita 30 a tankin lita 30,000. Saboda haka akan bari mai ya natsu kafin gwaji.

Idan kuwa mai aka tarar a cikin rata, to bangon ciki ya huje. Nan take a tsayar da famfo, a nisantar da wuta, a kwashe man, a kira ƙwararre, sannan a sanar da hukuma.

4.0 Kalmomi

Ɗalibi ya lura da bambancin waɗannan kalmomi. Mazubi ne ke yoyo, abin da ke ciki shi ke ɗiga idan ɗigo-ɗigo yake fita, ya tsiyaya idan siririn zubarsa bai yanke ba, ya malala idan ya bazu a ƙasa. Don haka "tanki yana yoyo" daidai ne, amma "tanki ya malala" kuskure ne.

5.0 Kammalawa

Na'urar ba ta hana yoyo, sanarwa kawai take yi da wuri. Amfaninta ya rataya ga gwada ta kowace shekara, da kwatanta awon tanki da littafin ciniki kullum.