Aikin Da Aka Maido Wa Iyaye: Wa Zai Faɗa Wa Yaranmu?

A watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurni a cire koyarwar jima'i daga manhajar makarantun ƙasar nan. Hujjarsa ita ce wannan aiki ne na iyaye da shugabannin addini. Iyaye da yawa cikin ikkilisiyoyinmu sun yi murna. Ni ma na ga gaskiya a maganar. Amma fa, 'yan'uwa, wanda aka ce aikinsa ne, kaya aka ɗora masa.

Yana da kyau mu san inda abin ya samo asali. A 1986 aka fara ba da labarin cutar ƙanjamau a Nijeriya, kafin a ankara ta shiga gidaje ta soma ɗauke matasa. A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta yarda a shigar da wannan koyarwa cikin makarantu. Da manhajar ta fito sai Kirista da Musulmi suka yi ca a kanta, domin akwai batutuwan da suka ga sun fi ƙarfin yara. Aka rage, aka gyara, a 2003 ta koma Ilimin Zaman Iyali da Kariya Daga Ƙanjamau, aka bar wa kowace jiha dama ta daidaita shi da al'adunta. Ba darasi ne mai zaman kansa ba, an raba shi ne cikin kimiyya da nazarin zaman jama'a. Abin da ke ciki ya haɗa da canjin jiki lokacin balaga, da hanyoyin kamuwa da cutar, da yadda yaro zai ce a'a.

To, a gida fa? Wata shekara a ajin tabbatarwa, wata yarinya 'yar shekara 13 ta daina zuwa har mako biyu. Da matata ta bi sawu, ashe al'ada ce ta fara zo mata. Ta ɗauka mugun ciwo ne, ko kuwa hukuncin wani zunubi, ta riƙa ɓoye tsummoki a bayan rumbu tana kuka. Uwarta mace ce mai himma a Zumuntar Mata, ba ta fashin sujada. Da aka tambaye ta, sai ta ce, "Malam, 'yar fari ce, da wane baki zan faɗa mata?" Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu. Amma wannan kunya ta bar yarinya ita kaɗai cikin tsoro, kuma abin da uwa ta kasa faɗa, wayar hannu da ƙawaye za su faɗa, ba tare da tsoron Allah ba.

Akwai kuma inda ba mu yin adalci. In ciki ya bayyana, yarinyar ce ke barin makaranta. Ita ake sa wa horo, ita ke komawa bencin baya, ita ake hana wa jibin Ubangiji a idon kowa. Yaron kuwa sau da yawa sai a tura shi wurin kawunsa a wani gari, ya gama karatunsa lafiya. Dukan gargaɗinmu kan 'yan mata yake: kada ki sa wannan, kada ki bi can. Yaushe rabon da uba ya zaunar da ɗansa ya gaya masa cewa jikin 'yar wani ba abin wasansa ba ne?

Littafi Mai Tsarki bai yi irin shirun da muke yi ba. A duba 2 Sama'ila sura 13. Wanda ya ɓata Tamar ba baƙo ba ne, Amnon ne, 'yan uba suke, kuma mahaifinsu ne da kansa ya aike ta gidansa ta yi masa abinci. Absalom ya ce mata ta yi shiru. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta ya hukunta Amnon ba. Bayan shekara 2 aka zubar da jini a gidan. Na lura ba safai ake wa'azi daga wannan sura ba, alhali yawancin ƙarar da ke zuwa gaban dattawa irin wannan ce: ɗan'uwa, maƙwabci, ko mai ba yarinya kuɗin makaranta.

Ba na cewa a miƙa yara ga makaranta a juya baya. Haƙƙin uba ne ya je taron iyaye da malamai, ya nemi ganin littafin da ake koyarwa da shi, ya karanta kafin ya yanke hukunci. Da yawa daga cikin masu ƙin darasin ba su taɓa buɗe littafin ba.

A ikkilisiyarmu yanzu, kafin tabbatarwa mukan raba ajin na Asabar 3. Mata biyu daga Zumunta, ɗaya ungozoma ce, su ɗauki 'yan mata, ni da wani dattijo mu ɗauki samari. Tambayoyi a takarda ake rubutawa, babu suna, a jefa cikin kwando. Mukan gayyaci iyaye a Asabar ta ƙarshe. Iyaye mata suna zuwa. Bencin iyaye maza ne har yanzu ba ya cika.