Yadda ake samun masu ba da aiki a sana'ar shirya biki: abin da na koya daga Kara

Shekara biyu ke nan da ni da yayata muka fara sana'ar shirya biki a nan Sabo, cikin garin Ibadan. Tun daga lokacin, matasa da yawa daga Sasa da Ojoo, har da wasu daga Agege, suna tambayata abu ɗaya: ta yaya kuke samun aiki? Wasu sun buɗe shafi a Instagram, sun buga kati mai kyau, amma wata shida ba wanda ya kira su. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani.

Ni ɗan mai sayar da shanu ne. Mahaifina ya fi shekara talatin yana harkar, yanzu yana Kara ta Akinyele. Bayan na gama sakandare na yi shekara uku ina binsa. A can na ga yadda mahauci zai ɗauki sa na kuɗi masu yawa ba tare da ya biya nan take ba, saboda dillali ya tsaya masa. Shi kuma mai shanun da ya taso daga Arewa bai san mahaucin ba, dillalin ya sani. Duk cinikin a kan amana yake tafiya. Da na shiga harkar biki sai na tarar haka abin yake. Uban amarya zai miƙa maka kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa, ya ɗora maka mutuncinsa na rana ɗaya da ba ta maimaituwa. Ba zai yi haka don ya ga hoto a waya ba. Sai wani da ya yarda da shi ya ce masa, "Ba yaron nan, na san shi."

Fara da gano wanda yake yanke shawara

Kuskuren da muka fara yi shi ne tallata kanmu ga amare da angwaye. Amarya tana iya son adon da ta gani a shafinmu, amma a gidajenmu ba ita ke riƙe da kuɗin ba. Uwa da gwaggo da ƙanwar uwa su ne masu cewa a yi ko a bari a harkar kamu, lalle, jere da gara. Uba da waliyyi kuma su ke da ɗaurin aure da walima.

Saboda haka muka raba aiki. Yayata ta shiga cikin mata: makarantar Islamiyya ta matan aure, ƙungiyoyin adashi, masu ƙunshi, teloli masu ɗinkin anko, da dillaliyar da ke shiga gida-gida da atamfa. Waɗannan su ne suke fara jin an sa rana, tun kafin a buga kati. Ni kuma na riƙe ɓangaren maza: majalisa, masallaci, Kara. Duk wanda ya kawo mana aiki muna ba shi la'ada, kamar yadda ake yi wa dillali, kuma muna faɗa masa nawa ne tun farko. Da ɗan gari akan ci gari.

Sayar da abin da mazauna Kudu suke buƙata

Masu adon zaure sun cika Ibadan, kuma da yawansu sun fi mu kaya. In ka ce da su za ka yi gasa, ka sha wahala. Abin da muke da shi wanda ba su da shi shi ne sanin bikin Bahaushe a ƙasar da ba ta Hausa ba.

Misali, dangi za su taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina, su kwana a hanya, su iso a gajiye. Ina za su sauka? Wa zai tarbe su a tasha? Wa zai yi alkaki da nakiya da dubulan na gara yadda tsofaffi ba za su yi tsaki ba? Ina za a samu turaren wuta mai kyau? A zaure kuma, yaya za a raba wurin maza da na mata, a ware wurin salla da ruwan alwala? In ka je wurin uwar amarya ka lissafa mata waɗannan kafin ta tambaya, to ka riga ka yi rabin talla.

Akwai kuma auren da ake yi tsakaninmu da Yarbawa, wanda ba baƙon abu ba ne a Sabo, unguwar da aka kafa tun 1916. Dangin Yarbawa za su zo da alaga, matar da ke jagorantar bikin neman aure a al'adarsu, mu kuma muna da namu tsarin. Mai jin harsunan biyu, wanda zai tsara lokaci kowa ya yi nasa ba a ɓata wa kowa rai ba, aikinsa ba ya yankewa.

Ranar da ruwa ya koya mini hankali

Bikinmu na uku a watan Yuni aka yi, na 'yar wani abokin Baba ne a Kara. Baba ne ma ya tsaya mini. Na ba wani mai hayar rumfa kafin alƙalami, da baki kawai muka yi magana. Ranar Asabar ce, kuma duk mazaunin Ibadan ya san yadda Asabar take da bukukuwa. Ashe mutumin ya samu wanda ya fi ni biya. Rumfa ba ta iso ba sai bayan la'asar, ruwa kuwa ya sauko tun azahar. Mata da ankonsu suka jiƙe sharkaf, baƙin da suka zo daga Arewa suka rakuɓe a barandar maƙwabta.

Da daddare na fara yi wa Baba bayanin cewa laifin mai rumfa ne. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Alhaji ya san mai rumfa? Kai ya sani, kuma ni na ce ya ba ka. Gobe da safe ka mayar masa da ladan aikinka, ka ba shi haƙuri a gaban mutanensa." Wallahi abin ya yi mini ciwo, don da kuɗin nake shirin sayen kujeru. Amma na je. Alhaji ya karɓa bai ce komai ba. Bayan wata huɗu ƙaninsa ya kira ni bikin ɗansa, ya ce ya ji abin da na yi.

Tun daga ranar ba na yin magana da mai rumfa, mai girki ko mai janareta sai a rubuce: kaya nawa, ƙarfe nawa, nawa aka biya, nawa ya rage. Kowane abu kuma ina da mutum na biyu a ajiye. Daga Afrilu zuwa Oktoba ba na karɓar biki a fili sai an kafa rumfa tun daren jajibiri.

Waya tana da amfani, amma a matsayin shaida

Ban ce a yar da intanet ba. Idan Hajiya ta ji sunanka a wurin mai ƙunshi, 'yarta za ta duba ka a waya. A nan ake so a ga aikinka na gaskiya, don gani ya kori ji. Kada ka ɗauko hoton bikin wani ka ce naka ne, garin nan ƙarami ne, za a gane. Mu WhatsApp ya fi kawo mana aiki, sai Facebook da TikTok.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada ka saka hoton amarya ko matan gida sai da izinin ita da mijinta. Wasu gidajen ko an roƙa ba za su yarda ba. Ɗauki zaure kafin mutane su shigo, ɗauki jeren ɗaki, akwatunan lefe da abinci. Hoto ɗaya da aka saka ba izini ya isa ya rufe maka ƙofar zuri'a guda.

Farashi da lokaci

Ka tsara farashinka hawa uku: na mai ƙaramin ƙarfi, na tsakiya, da na mai hali. Ka rubuta abin da ke cikin kowanne, ladan aikinka daban, kuɗin kaya daban. Mutanenmu ba sa son a ce musu kuɗi kaza, ana tsakiyar biki a ce a ƙaro. Kada kuma ka raina ƙaramar walima ta mutum hamsin, a cikinsu akwai masu 'ya'ya mata. In hali ya yi, ka yi rajistar sunan sana'arka a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da sunan, hankalin mai turo kuɗi ya fi kwanciya.

Bukukuwanmu sun fi yawa kafin azumi, bayan Salla, da kuma hutun Disamba. Mai jiran lokacin ya zo kafin ya fara yawo ya makara. Wata uku kafin nan ake zagayawa a gaida mutane. Bayan biki da mako ɗaya kuma, yayata takan koma ta gaida uwar amarya, ta tambaye ta abin da bai yi mata daɗi ba. A irin wannan zama ne aka fi ce mata, "Af, ai 'yar maƙwabciyata ma an sa mata rana."

Ga mai shirin farawa, shawarata ita ce ya nemi biki ɗaya na ɗan'uwa ko maƙwabci, ya yi shi tsaf ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba, ya riƙe lambar duk wanda ya yaba. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya ba masu aure zaman lafiya.